Dajin Bakin Teku da Man Fetur ɗin Agadem



Na san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan Magarya da Dungas da dajin bakin teku, mu da ruwanmu bai wuce Korama da tafkunan damina ba? To, ku ba ni hankalinku.

Kogin Kwara da ya ratsa Yamai da Gaya, idan ya kusa shiga teku a kudancin Najeriya sai ya rarrabu, ya zama ɗaruruwan ƙananan hanyoyin ruwa. A nan dajin mangurof mafi girma a Afirka yake. Itace ne mai tsayuwa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa suna fitowa saman taɓo don su sha iska. Cikin saiwoyin nan kifi da jatan lande suke hayayyafa, mata su tsinci ƙananan dodon koɗi, a yi bandar kifi da itacen, igiyar ruwa kuma ta kasa cinye gaɓa. Aikin da gawo yake wa gonakinmu gaban iska, shi mangurof yake wa ƙasar mutanen wurin gaban teku.

Garuruwa irin su Boni, Biras da Opobo a kan kwalekwale suka ginu. Da jiragen ruwa Sarki Jaja na Opobo ya riƙe cinikin manja, har Turawan Ingila suka kama shi suka fitar da shi daga ƙasar a 1887. Ƴan ci-raninmu da ke bin shanu daga kasuwar Maigatari zuwa Fatakwal sun ga yadda har yau ake ɗaukar amarya da marar lafiya da buhun gari a jirgi mai inji.

A 1956 aka samu fetur a Oloibiri, cikin wannan yanki. A 2008 da 2009 bututun kamfanin Shell ya fashe a Bodo, cikin ƙasar Ogoni, ɗanyen mai ya malale cikin dajin. Da mai ya lulluɓe saiwar da ke shan iska, itacen ya mutu ke nan a tsaye, kifi ya ƙaura, masunci ya jingine jirginsa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sai a 2015, bayan ƙara a Landan, kamfanin ya yarda ya biya mutanen Bodo diyyar fam miliyan 55. Shekara nawa ke nan magidanci yana jira, ba kamu, ba abin kai wa gida? Wannan abu yana ci mini rai.

Yanzu mu dawo gida. Tun 2011 matatar mai ta Soraz ke aiki a jiharmu ta Damagaram. A 2024 man Agadem ya fara bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar tekun Benin. Mun shiga sahun masu mai, alhamdu lillahi. Amma ruwan Korama a kusa yake. Mai lambun rake ko albasa kamu kaɗan yake haƙawa ya tarar da shi. Ruwan da ke kusa haka, duk abin da ya zuba a ƙasa ba ya daɗewa bai kai gare shi ba.

Mutanen nan namu ba baƙin kare ƙasa ba ne. Bayan yunwar 1984, manoman Magarya, Matamai da Mirya suka riƙa barin tohon gawo a gona suna sassabe shi, har ya rufe kusan hekta miliyan 1. Sun yi ne don sun san itacen nasu ne.

Saboda haka roƙona ga sarakuna da hukumomin gundumomi shi ne su nemi sani tun yanzu: wa ke duba bututu da tankokin mai, wa za a kira idan ya zuba, wa zai biya, cikin kwana nawa? A rubuta amsar da Hausa, a karanta ta a gidajen rediyon karkara. Ku kuma ɗalibai, ku auna ruwan rijiyoyin garuruwanku bana, ku adana sakamakon a rubuce.