Mu Karanta, Mu Gane: Yinin Wani Maƙeri A Birnin Rum

 

Yau ga mu a Nassarawa ta Kano, kusa da Gidan Ɗan Hausa. A nan ne wani Bature mai suna Hans Vischer, wanda a ka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a shekarar 1909. Gidan yana nan har yanzu, ginin ƙasa ne, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi.

To, baƙaƙen da a ka koyar a makarantar nan, su ne ku ke koyo a ajinku na ƙauye. Ko kun san inda su ka fito? Ba mutanen Ingila ne su ka ƙago su ba. Gadonsu su ka yi daga Rumawa, watau mutanen birnin Rum na ƙasar Italiya, a hayin Bahar Rum. Baƙaƙen Rumawa 23 ne. Daga baya a ka ƙara J da U da W. Mu kuma a shekarun 1930 a ka yi mana masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, don kada a tashi rubuta ƙafa a rubuta kafa. Har sunayen watanni nasu ne. Yuli sunan shugabansu Yuliyas Kaisar ne, Agusta kuwa sunan Sarki Agustas.

Ga abin da ya tara mu. Da yawa cikinmu sun iya haɗa baƙi, suna kiran kalma daidai. Amma in an rufe littafi an ce, "Me ka karanta?" sai a yi shiru. Wannan rabin karatu ne. Aku ma yana kiran kalma, amma bai san abin da ya faɗa ba. Mai cikakken karatu shi ne wanda zai ɗaga kai ya ba da labarin da bakinsa.

Saboda haka mun zaɓo labarin mutanen da ba ku taɓa gani ba, don kada kowa ya amsa da ka. Ku karanta sau biyu. Na farko don ku ji kan magana. Na biyu a hankali, kuna tambayar kanku abu uku: Wane ne? Me ya yi? Don me? Ga labarin.

Wajen shekara dubu biyu da su ka wuce, mutanen birnin Rum sun kai kimanin miliyan ɗaya. Mu ɗauki wani maƙeri a cikinsu. Haya ya ke yi a gidan bene mai hawa biyar. Masu hali suna hawan ƙasa, shi kuwa ɗakinsa yana can ƙoli, inda haya ta fi araha. Babu ruwa a ɗakin, babu murhu, gobara kuwa ta yawaita a unguwar.

Da asuba ya kan tashi, ya ci gurasar alkama da man zaitun. Sa'an nan ya tafi gaida ubangidansa, kamar yadda a ke zuwa gaisuwa ƙofar hakimi. Daga can sai maƙera.

Ɗansa mai shekara bakwai ya kan tafi wurin malam tun da duku-duku. Allonsa na katako ne, an shafe shi da kakin zuma. Alƙalaminsa na ƙarfe ne, baki ɗaya tsini, ɗayan kuwa mai faɗi. Da tsinin ya ke rubutu, da mai faɗin ya ke shafewa. Uban ne ke biyan malam, malam kuwa ba ya rabuwa da bulala.

Matar maƙerin ta kan sauko da tulu ta ɗebi ruwa a bakin titi. Ruwan daga duwatsu masu nisa ya ke zuwa, ta hanyoyin da a ka gina masa, wani wuri a ƙarƙashin ƙasa, wani wuri bisa ginshiƙai kamar gada. An gina ta farko a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙarshe su ka kai goma sha ɗaya.

In rana ta karkata, maƙerin ya kan rufe maƙera ya tafi gidan wanka na jama'a. Ba da sabulu ya ke wanka ba. Mai ya ke shafawa, ya kankare shi da wani ƙarfe mai kama da lauje. Bayi ne ke hura wutar da ke ɗumama ruwan, gama yawancin aikin wahala a Rum bayi ke yi. In ya fito sai ya sayi dafaffen wake a rumfar mai abinci, ya hau da shi sama, su ci. Rana na faɗuwa su kwanta, domin man fitila kuɗi ne.

Labari ya ƙare. Ga tambayoyi:

1. A wane hawa ɗakin maƙerin ya ke?
2. Da me a ke shafe allon yaron?
3. Don me alƙalamin ke da baki biyu?
4. Don me maƙerin ke sayen dafaffen abinci a waje?
5. Don me hayar ɗakin ƙoli ta fi araha?

Ku lura, tambayoyin nan ba iri ɗaya ba ne. Amsar ta ɗaya da ta biyu da ta uku tana kwance a takarda, sai dai a nuna ta da yatsa. Ta huɗu da ta biyar kuwa ba a rubuta amsarsu a fili ba. Sai ka haɗa wannan magana da waccan. An ce babu murhu a ɗakin, an kuma ce ya sayi dafaffen wake. Ka ga amsa ta fito. Ta biyar mun bar muku. Ku tuna da matar nan da tulunta, ku tuna da gobara.

Wataƙila wani ya ce, "Ina a ka san duk wannan?" Rubutu ne ya riƙe shi, da kayan da a ka tono. A shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, wani dutse mai aman wuta ya binne wani garin Rumawa, Pompeii, da toka. A 1748 a ka fara tone shi. An sami gurasa a cikin tanda ta zama gawayi, an sami rubutu a jikin bangaye. Ɗaya cigiya ce. Wani mai kanti ya rubuta cewa tukunyarsa ta tagulla ta ɓace, wanda ya mayar da ita zai sami tukwicin kuɗinsu 65. Ku duba. Mutum biyu su wuce ta gaban bangon nan, dukansu sun san inda tukunyar ta ke. Ɗaya ya kira baƙaƙen ya wuce, ɗaya ya gane abin da a ke nufi. Wa zai karɓi tukwici?

Haka abin ya ke a gare mu. Gobe za a miƙo maka takardar jinginar gona, a ce sa hannu. Za a ba ki kwalbar maganin yaro, an rubuta cokali ɗaya sau uku, ba cokali uku sau ɗaya ba. Za ka sayi buhun taki da bayani a jikinsa. A nan ba maki a ke ci ba. Gonarka ce, da ran ɗanki, da amfanin shekararka. Kafin ka sa hannu, yi wa takardar tambayoyin nan uku: wane ne zai bayar, me zai karɓa, don me? In kalma ta shige maka duhu, karanta abin da ke gabanta da na bayanta. In ba ta fito ba, tambayi malam. Mai tambaya ba ya ɓata.

Aikin gida: kowa ya ba mutanen gidansa labarin maƙerin nan da bakinsa, littafi a rufe. Sa'an nan ya rubuta layi biyar a kan nasa yinin, daga asuba zuwa kwanciya, ya kawo wa malam ranar aji.

Allah ya ƙara mana fahimta. Mu kwana nan.