Maijego Bayan Taron Suna Ya Watse



Mu Hausawa ba mu taɓa sakaci da jikin maijego ba. Akwai wankan jego na kwana 40, ga kunun kanwa, ga tsohuwa mai tsaye a kanta. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne halin da zuciyarta ke ciki.

Da zarar mace ta sauka, sinadaran da suka riƙe cikin sukan ragu farat ɗaya. Shi ya sa mata da yawa kan yi 'yan koke-koke ba dalili, abin ya wuce kafin mako 2. Wanda ya zarce haka, watau baƙin ciki kullum, rashin barci ko da jinjiri ya yi barci, ƙin abinci, da ganin ita ba ta isa uwa ba, wannan ciwo ne, sunansa ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan maijego 1 cikin 5 kan gamu da larurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan.

Mu dubi Kawo. Ƙaramin ma'aikaci ya kama hayar ciki da falo, iyaye suna can Zariya ko Katsina. Ran suna gida ya cika maƙil; bayan 'yan kwanaki kowa ya kama gabansa, maigida ya koma ofis, a bar yarinya ita kaɗai da jinjiri. In ta ƙi kallon ɗan, sai mu ce kunyar ɗan fari ce, har mu yaba mata. In kuka ya yawaita, mu ce iska ce ko sammun kishiya. Lalle kunya ado ce, amma a nan ciwon kan samu maɓoya a bayanta, kuma mu 'yan boko ba mu fi iyayenmu lura ba.

Tun 1987 likita John Cox da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin Edinburgh, tambayoyi 10 da ake amsawa cikin 'yan mintoci. Ciwon yana jin magani: shawarwarin ƙwararru, taimakon dangi, da ƙwayoyin da wasunsu ba su hana shayarwa. A fara da Babban Asibitin Kawo, ran da aka kai jinjiri rigakafi ma ya isa. In kuwa ta fara sambatu, ko zancen kashe kanta ko cutar da ɗan, kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma a kwana: a nufi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.