Jawabin Uwar Ƙungiya a Bikin Naɗa Sabuwar Amirar Mata a Kudan



Hajiya Amira, Allah ya taya ki riƙo. Kujerar da za ki hau yau tana da tarihi a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa naɗa jajoji, wato jagororin mata, tana ɗora musu malfa, su koma ƙauyuka su karantar da mata. Waɗannan mata, da ake kira 'yan taru, kan zo mata da hatsi da zuma da tufafi, ita kuma ta raba wa mabukata. Nan kusa da mu a Zariya, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda ta ce macen Arewa ma ta jefa ƙuri'a, ba a kuwa ba mu wannan dama ba sai 1976. A 1985 mata Musulmi suka haɗu a Minna suka kafa FOMWAN, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarsu ta farko.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a gaban malamai zan faɗe shi: gado. Shari'a ta yanka wa matar mamaci tumunin takaba idan mijin ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba. Ta ba 'ya mace rabin kason ɗa namiji. To amma mu duba abin da ake yi a fadamunmu. Maigida ya rasu ya bar gonar rake, ƙannensa su ce kada a raba, a bar ta gandu. Kaka ta yi, a sare rake, a dafa mazarƙwaila, a loda wa motoci zuwa kasuwar Makarfi, ita kuwa mai marayu biyar a aiko mata da ƙwarya ɗaya a ce ga alheri. Haƙƙinta ne fa aka mayar kyauta! Ta yi shiru saboda kunya, kar a ce ta kai dangin miji ƙara. Hajiya, ke za ki raka irin wannan baiwar Allah gaban mai unguwa, in ta kama har gaban alƙali, ki zauna kusa da ita har a auna gonar a kafa iyaka.

Batun asusu kuma, kowace naira da kowace tiyar masara ta shiga littafi, a karanta wa 'yan ƙungiya duk wata.

Kada kuma taimakon ƙungiya ya tsaya a ƙofar Islamiyya. Akwai matan Maguzawa da Hausawa Kirista a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Ikara, rijiya ɗaya muke ja, layin awo ɗaya muke bi a asibiti. Naƙuda idan ta zo da gardama ba ta tambayar addini. Ki sa sunayensu cikin rabo, ki kuma ba wakiliyarsu kujera a kwamitinki, a ji ta bakinta.

Ranka ya daɗe Hakimi, muna roƙon ka umarci dagatai da masu unguwanni su buɗe wa Amira ƙofa duk ranar da ta yi sallama.

Hajiya Amira, bismillah, taso ki karɓi littafin asusu da mabuɗin rumbu. Malam, a sa mana albarka.