MUTUWAR JARIRAI CIKIN BARCI: JAWABI GA IYAYE NA ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

A kan sami jariri lafiyayye ya sha nono da dare, a kwantar da shi, da asuba a tarar ya cika, ba zazzaɓi, ba tari, ba ko kuka. Sau da yawa a kan ɗora laifin a kan mayu ko iskoki, wani lokaci ma a zargi uwa da sakaci. Rai dai na Allah ne, amma kuwa likitoci sun gano waɗansu abubuwan da ke da hannu a ciki, ko da ya ke ba su gama gano sababinsa duka ba. A 1969, a wani taro a birnin Siyatil na Amurka, aka ba shi suna, watau mutuwar jarirai ta farat ɗaya. Ta fi aukuwa tsakanin wata 2 da wata 4 da haihuwa.

Ga yadda abin ya ke. A wuyan ko wane mutum, jikin manyan jijiyoyin jini, akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi guda biyu, ko wace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Aikinsu auna iskar oksijin da ke cikin jini. Wani likita na Beljiyam, Corneille Heymans, shi ya bayyana aikinsu, har ya sami kyautar Nobel ta 1938. In oksijin ya ragu, sai su aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, inda a ke sarrafa numfashi. Nan da nan jariri ya yi ajiyar zuciya, ya zabura, ya kau da kai, ya farka da kuka. Wannan farkawa ita ce mai gadinsa.

To, a jikin waɗansu jarirai mai gadin nan ba shi da ƙarfi. Likita Hannah Kinney da abokan aikinta a Bostan sun ba da labari a 2010 cewa wani sinadari mai suna sirotonin, wanda ke taimakon farkawa, ya gaza da kashi 26 cikin ɗari a gindin ƙwaƙwalwar jariran da suka mutu haka. Irin wannan jariri in ya kwanta rub da ciki, hancinsa ya nutse cikin katifa, sai ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar. Oksijin na raguwa, shi kuwa bai farka ba, har zuciya ta tsaya.

Saboda haka masana suka ce abu uku ke haɗuwa: rauni ɓoyayye a ƙwaƙwalwa, da watannin farko na rayuwa, da wani abu daga waje mai tauye numfashi. Na farko ba a ganinsa da ido, na biyu ba makawa. Na uku kuwa yana hannun iyaye. Da aka yi yekuwa a Ingila a 1991, da Amurka a 1994, cewa a riƙa kwantar da jarirai rigingine, sai irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Lalle ne mutanen wannan ƙasa su lura da al'amuran gidajensu. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar auduga ce, katifa mai laushi da matashin kai ba su da wuya, amma shimfiɗa mai tauri ita ta dace da jariri, ba tare da matashi ba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, a kan kai garwashi ɗaki a rufe ƙofa, a lulluɓe jariri da bargo har kai. Zafi mai yawa yana nauyaya barci, hayaƙin gawayi kuwa guba ne. Haka nan gadon ƙasa da a ke hura wa mai jego wuta a ƙarƙashinsa, kada a ɗora jariri a kai. Hayaƙin taba yana dakushe farkawa tun jariri yana ciki, don haka maigida mai shan taba ya fita waje.

Kakanni da ungozoma su kan ji tsoron kada jariri ya shaƙe da tumbuɗi in yana rigingine. Su kwantar da hankalinsu, gama a wannan kwanciya hanyar iska tana bisa hanyar abinci, abin da ya taso sai ya koma ciki. Uwa ta ci gaba da ba da nono, don mai shan nono ya fi saurin farkawa. Jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa, a shimfiɗarsa dabam, cikin gidan sauro. In an goya shi zuwa gona ko kasuwa, a bar hancinsa a buɗe. In kuwa an ga numfashinsa yana sarƙewa, ko leɓɓansa sun sake launi, a garzaya asibiti.

Wadda wannan rashi ya sama, ta'aziyya ta cancanta, ba zargi ba. Allah ya raya zuriya, amin.