Sauro, Gado da Magani: Jawabi ga Ɗalibai



Duk wanda ya tashi a cikin badala ya san kududdufi. Daga waɗannan ramuka ne kakanninmu suka haƙo ƙasar da suka gina ganuwa da soraye, kuma da damina ta faɗi su ne makwancin ruwa inda sauro ke hayayyafa. Tun 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin nan, amma har yanzu kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma ƙananan yara ya fi kashewa.

Wannan ciwo ya daɗe tare da mu har ya bar tambarinsa a jininmu. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga mahaifi ɗaya, watau mai jinin AS, ya fi tsira daga zazzaɓi mai tsanani. Saboda irin waɗannan yara sun fi rayuwa har su hayayyafa, sai gadon ya bazu, har ya zama kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da shi. Amma kāriyar tana da farashi. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya bisa huɗu na haihuwar mai amosanin jini.

An sha gwada kawar da zazzaɓin. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike a ƙasar Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano. Aka fesa magani a ɗakuna, aka rarraba ƙwayoyi ƙauye-ƙauye. Ciwon ya ragu ƙwarai, amma bai yanke ba, kuma da aka daina sai ya komo.

Ƙwayar cutar kuwa tana sauya hali. Kulorokwin ya fara gazawa a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, gazawar ta iso Gabashin Afirka a 1978, har Nijeriya ta sauya shi a 2005 da haɗin magani mai atemisinin. Shi ma wannan an ga ya fara jinkirin aiki a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda da Yuganda. Dalili shi ne, idan magani bai kai ƙarfi ko bai cika kwanakinsa ba, ƙwayoyin da suka fi juriya ne ke tsira, su kuma sauro ke kai wa maƙwabci.

To, mu da muka yi boko, mene ne namu? Mu ne ake tambaya a gida idan jikin yaro ya yi zafi. Lalle ne mu nace a gwada jini kafin a sha magani, a kuma cika kwana 3 ɗin nan ko da an ji sauƙi. Mu kwantar da ƙannenmu cikin gidan sauro, mu yashe kwatamin unguwa. Kuma mu san rukunin jininmu tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin gaskiyar da aka sani da wuri ta fi sauƙin ɗauka.

Allah Ya ba mu lafiya. Wassalamu alaikum.