Gidan Tuwo da Zaman Birni: Daga Kebbe zuwa Sakkwato



Sa'ad da na shaida wa wani abokin aikina abin da zan yi magana a kansa yau, sai ya yi dariya ya ce ashe har tuwo ya samu shiga jami'a. Ban ga laifinsa ba. Mun saba jin lacca a kan tsarin mulki da tattalin arziki da tarihin dauloli, mun kuma ɗauka cewa wurin da talaka ko ƙaramin ma'aikaci yake zama ya ci abincin rana bai kai a ɓata masa takarda ba. Amma ina roƙon kowane ɗayanku ya tambayi kansa, a cikin kwana bakwai da suka wuce, sau nawa ya ci abin da ba a dafa a gidansa ba. In amsar ta yi yawa, to, maganar nan tasa ce.

Zan fara da ƙasar da na fi sani, watau Kebbe da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato. A can, kamar a sauran ƙauyukan ƙasar Hausa, magidanci ba ya zuwa ya zauna wurin mai abinci a garinsu. Abin kunya ne, kuma kunyar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba, har matarsa take shafa, domin za a ce ko dai ba ta iya girki ba, ko kuwa rumbun gidan ya ƙare. Abin da aka sani shi ne ciyayya. Bayan magariba ko bayan lisha, maƙwabta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijo, kowa a fito masa da akushi daga gidansa, a haɗa a ci tare. Wannan ya kawo tuwon dawa da miyar kuka, wancan tuwon gero da kuɓewa, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu, ba mai tambayarsa. Baƙon da dare ya riska a garin, nan zai ci. Ciyayya ita ce gidan abincin ƙauye, sai dai ba a biya da kuɗi. Da zumunci ake biya, da kuma gulmar miyar matan juna, wadda ita ma ba ƙaramin haraji ba ce.

Wannan kunya tana da tushe a littafi. Malaman fiƙihu sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke zubar da mutunci, har suka ce yana iya sa alƙali ya ƙi karɓar shaidar mutum, in shi ba ɗan kasuwa ba ne kuma ba larura ta sa shi ba. A ƙasar da ta tashi a kan karatun Shehu Usmanu da almajiransa, irin wannan hukunci ba ya tsayawa a zauren malam. Yakan shiga tarbiyyar gida, uwa ta koya wa ɗanta ba tare da ta san daga wane littafi ya fito ba.

To, amma kada a fahimce ni cewa Bahaushen karkara ba ya sayen dafaffen abinci. Yana saye ƙwarai, tun da can. Koko da ƙosai da safe, fura da rana, waina, ɗanwake, dambu, ƙuli-ƙuli, duk na saye ne a gidaje da yawa, kuma matan da ke cikin kulle ne suke yi, 'ya'yansu mata su ɗauka talla. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta buga maƙala a 1969 a kan wannan ciniki da ta kira ɓoyayye, inda ta nuna cewa akwai wata babbar kasuwa da ke ci a bayan katangun gidaje wadda idon baƙo ba ya gani. Bambancin yana nan: a sayo a kawo gida a ci, wannan ba laifi, a je a zauna a ci a idon jama'a, wannan shi ne abin gudu.

Wanda al'ada ta yi wa uzuri shi ne matafiyi. Fataken goro da ke zuwa Gwanja suna bi ta Jega, maƙwabciyarmu, suna sauka a zango, kuma duk inda aka yi zango sai an sami mata masu tuwo da fura, da mahauta masu tsire da balangu. Da mota ta zo, tasha ta gaji zango. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Tambuwal da Shagari da Boɗinga ta shiga Sakkwato ya san cewa direba ba ya tsayawa inda ya ga dama. Yana da mai tuwonsa, kuma ita ta san cewa in ta gyara masa kwano da tsokar nama, ya kawo mata fasinja mota guda. Har kalmar buka da Yarbawa suke kiran ƙaramin gidan abinci da ita, ana danganta ta da bukkar Bahaushe. Turawa kuwa, kalmarsu ta gidan abinci ta fito ne daga birnin Faris a shekarun 1760, kuma asalinta sunan wani romo ne da ake sayarwa don maido wa mai rauni ƙarfinsa. Ashe su ma daga farfesu suka fara.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne aikin albashi. A 1967 Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta zama ta Jihar Sakkwato, a tsakanin nan kuma, a 1975, aka kafa wannan jami'a, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Samari suka yi ta kwararowa daga Kebbe da Kuci da Tambuwal da Dogon Daji, wasu akawu, wasu masinja, wasu malaman makaranta, wasu leburori a kamfanin siminti na Kalambaina. Akasarinsu gwauraye ne, ko kuwa masu aure da suka bar iyali a gida. Ɗaki guda suka kama haya, babu murhu, babu mai tuƙa tuwo, babu tabarmar ciyayya. Saurayin da aka yi wa tarbiyya cewa cin abinci a waje abin kunya ne ya wayi gari ba shi da inda zai ci sai waje. Sa'an nan kuɗin Udoji suka faɗo aljihun ma'aikata a 1975, masu abinci suka ƙara rumfa, suka sayi benci da kwanon tasa.

Ɗalibai su ne suka shigo daga baya, domin a da gwamnati ke ciyar da su da rahusa. Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna cewa tarzomar ɗalibai ta 1978, wadda aka yi asarar rayuka a cikinta a Legas da Zariya, ta tashi ne a kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini. A 1984 gwamnatin soja ta janye hannunta daga ciyar da ɗaliban jami'o'i. Tun daga ranar, ɗalibin Nijeriya ya zama ɗan gidan mai abinci, ko kuma mai dafa wa kansa a risho a lungun ɗakin kwana.

Ina so in daɗe kaɗan a cikin gidan tuwon kansa, domin wanda bai zauna ya lura ba zai ɗauka ciniki ne kawai, a ba da kuɗi a karɓi kwano. Ba haka ba ne. Da fari dai ku lura da labule. Kusan kowane gidan tuwo na unguwa yana da labule ko asabari a ƙofa, kuma benci yakan juya wa titi baya. Wannan ba don ƙura kaɗai ba ne. Tsohuwar kunyar nan ce aka yi wa sutura. Ku lura kuma cewa ba a so a kira wurin otal, domin wannan kalma ta riga ta ɗauki wata ma'ana da ba ta da daɗin ji. Ana cewa gidan Hajiya, ko wurin Inna, ko gidan 'yar wuri kaza, a jingina shi ga mace kamar dai gidan 'yan'uwa ne mutum ya shiga. Mai abincin kuwa sau da yawa bazawara ce, ko wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuma da wannan muciya take biyan haya, take aurar da 'ya'ya, wata ma har ta sauke farali. Tun asuba take tashi. Ita ce mai sayen hatsi, ita ce mai lissafin itace da ruwa da niƙa, ita ce mai sanin cewa malmala nawa kwanon shinkafa zai fitar, kuma ba ta taɓa shiga ajin ilmin kasuwanci ba.

Sa'an nan akwai littafi. Ban san gidan tuwo na kusa da sakateriya ko makaranta da ba shi da wani ɗan littafi mai maiƙo, ko ƙwaƙwalwar da ta fi littafin, inda ake rubuta ciyar wata. Ma'aikaci ya ci yau, ya ci gobe, sai an yi albashi ya biya. Idan albashi ya yi jinkiri, ita ce take ɗaukar nauyin jinkirin, ta je ta ci bashin hatsi a kasuwa don kada tukunya ta huce. Watau ke nan macen da banki ba zai ba ta rancen ko sisi ba, ita ce take ba ma'aikacin gwamnati rance ba ruwa, ba jingina, ba takarda. Ni kaina na ci irin wannan bashi shekarar da na fara aiki, wata uku cur kafin sunana ya shiga takardar albashi, kuma matar ba ta taɓa rage mini miya ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma na san waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki suka sulale da dare ba su biya ba, wasunsu yau manya ne, kuma ina fata akwai mai jina a cikinsu.

Na dare kuwa mai shayi ne. Teburinsa ya gaji tabarmar ciyayya ta wata fuska, domin nan ake jin labarin duniya a rediyo, nan ake musun siyasa da ƙwallo, nan baƙo ke tambayar hanya. Da can shayi da burodi ne, sai wainar ƙwai, daga shekarun 1990 kuma taliyar Indomie ta mamaye teburin. Ba zan ɓoye muku ba, ban ga ribar da muka ci ba da muka musanya gero da dawar da muke nomawa a Kebbe da alkamar da ake sayo mana daga ƙetare. Amma saurayi mai yunwa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba lacca yake nema ba.

Yanzu sai abin da ke damuna, kuma a nan ne nake so ma'aikata su saurara. Abu na farko ruwa. Yawancin waɗannan wurare ba su da famfo. Daga 'yan garuwa suke saye, jarka-jarka, saboda haka ruwan da ya kamata a zubar bayan wanke kwano goma sai ya wanke hamsin, kuma kwanon wanke hannu guda ya zagaya benci duka. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba na cewa masu abinci ne suka kawo ta. Ina cewa wurin da mutum ɗari suke ci daga tukunya guda ya cancanci a fara kai masa ruwa mai tsabta kafin a kai wa mai wankin mota. A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda ke leƙa randa da kwata, ana tsoronsa kamar alƙali. Yau mai abinci ta fi ganin mai karɓar haraji da mai rushe rumfa, kuma wanda bai san ko gobe za a rushe masa wuri ba, ba zai kashe kuɗinsa ya yi daɓen siminti ko ya gina magudana ba.

Abu na biyu 'yan matan da ke wanke-wanke da kai kwano. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara ga ƙafar yara, da yadda wannan ke karo da makarantar boko. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, kuma yarinyar da ke miƙo maka kwano da ƙarfe goma na safe a ranar Talata har yanzu ba ta cikin aji. Da yawansu daga ƙauyukanmu aka ɗauko su. Mu da muke zaune muna ci, mu ne masu tsara manufar ilmi da rana, kuma ba ma tambaya.

Abu na uku tsada. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, masu abinci da ba su da asusun banki sun yi kwanaki suna kallon tuwo yana kwana. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, kuma kafin tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin gwamnati. Mai tuwo ba ta iya ninka farashi yadda ɗan kasuwa ke yi, domin ta san albashin masu cin nata bai ninku ba. Sai ta rage girman mara, ta tsinka miya, nama ya koma sai wanda ya tambaya. Ga rashin tsaro da ya hana noma a wasu sassan jihar nan da Zamfara, har ya taɓa dazuzzukanmu na kudu, ya kuma turo mata da yawa cikin birni waɗanda ba su da jari sai tukunya.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na sashen nazarin zaman jama'a da na tattalin arziki da na Hausa, ga aiki nan a ƙofarku. Ku ɗauki unguwa guda, Mabera ko Runjin Sambo ko Tudun Wada, ku ƙirga gidajen tuwo da teburan shayi da ke cikinta. Ku tambayi mai abinci daga wane gari ta zo, nawa take sayen ruwa a yini, mutum nawa ke cikin littafinta, nawa ne suka gudu. Ku yi haka nan a tashar Tambuwal ranar kasuwa, ku kwatanta. Amma in za ku je, ku je bayan la'asar sa'ad da ciniki ya lafa, ku fara sayen kwano guda ku biya nan take, sa'an nan ku fito da takarda da alƙalami.