Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Injin Goge Katako

 

Sanin kowa ne itace ya yi ƙaranci a gabashin Sakkwato. Kiryar da masassaƙa ke fafe turmi da ita, da aduwar da ake yin allo da ita, da maɗaci, sai an yi nisa kafin a same su. Katakon ƙofa da na bencin makaranta kuwa daga kudu ake kawo yawancinsa da tsada. Saboda haka duk abin da zai hana ɓarnar katako ya isa a saurare shi.

Kafintoci sun saba goge katako da samfefa a hannu. Akwai kuma wani inji mai ganga, watau wani mulmulallen ƙarfe da aka naɗe da samfefa. Gangar tana juyawa, wata ɗamara kuma tana jan katakon ta ƙarƙashinta sannu a hankali, har ya fito sumul, kaurinsa daidai daga wannan baki zuwa wancan.

Injin iri biyu ne. Na farko gefensa ɗaya a buɗe yake, don haka ganga mai inci 16 tana iya goge katako mai faɗin inci 32, in an juya shi an sāke turawa. Aibinsa shi ne, in ba a daidaita gangar sosai ba, sai ta bar shaida a tsakiyar katakon. Na biyu an tokare gangarsa ta gefe biyu. Ya fi tsayuwa da ƙarfi, amma ba ya karɓar abin da ya fi gangar faɗi. Ƙaramin kafinta na farko ya fi dacewa da shi.

Ga sharuɗɗa uku. Na ɗaya, kada a ci da yawa a turawa guda. Ƙasa da rabin milimita ya isa, in ba haka ba katako ya ƙone, samfefa ta lalace. Na biyu, a fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, sa'an nan 120, kada a yi tsallake mai nisa. Na uku, ɗanyen katako yana toshe samfefa, sai a bari ya bushe.

Babban abin tsoro shi ne ƙura. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, musamman a kogon hanci. Lalle ne a haɗa injin da mai zuƙe ƙura, yaran shago kuma su rufe hanci da baki.

Injin ba ya aiki sai da lantarki ko janareta, kuma shimfiɗaɗɗen katako kaɗai yake gogewa. Turmi da akushi da ƙotar fartanya suna nan hannun masassaƙi da gizagonsa.

Ana roƙon Hakimai su shawarci kafintocin kowane gari su haɗa kuɗi su sayi inji guda, maimakon kowa ya ci bashi. Malamai kuma su karanta wa shugabannin kafintoci waɗannan sharuɗɗa ran kasuwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.